Ɗalibin Walia mai son zama likita, me zai yi da darasin labarin ƙasa?

  

'Yan uwa Musulmi, duk shekara idan aka koma makaranta a farkon watan Oktoba, akwai maganar da muke yawan ji daga bakin 'ya'yanmu da ke manyan azuzuwan sakandare a nan Walia, musamman waɗanda suka bi ɓangaren kimiyya. Yaro zai ce shi likita zai zama, don haka lissafi da ilimin halittu da sinadarai ne gabansa, labarin ƙasa kuwa a bar wa 'yan ɓangaren adabi. Za ka ga ya ajiye littafin a ƙarƙashin katifa, sai ana saura mako guda jarrabawa ya ɗauko shi ya yi hadda. Wasu iyayen ma suna goya musu baya, don a ganinsu darasin sunayen duwatsu da koguna ne kawai.

Mun ga ya dace mu yi bayani a kan wannan, domin a fahimtarmu kuskure ne babba, kuma mu mutanen Walia mu ne muka fi kowa cancantar gane hakan.

Hanyar da ɗalibi zai bi

Bari mu fara da shimfiɗa wa iyaye hanyar, don da yawa daga cikinmu ba mu bi ta ba. A tsarin karatun Chadi, yaro yana yin shekara huɗu a ƙaramar sakandare, ya zana jarrabawar BEF. Daga nan ya shiga lise, inda zai yi shekara uku. A lise ake raba masu adabi da masu kimiyya, kuma a ajin ƙarshe masu kimiyya suna shiga rukunin C, wanda ya fi ƙarfi a lissafi da fizik, ko rukunin D, wanda ya fi ƙarfi a ilimin halittu da na ƙasa. Mafi yawan masu neman likitanci ta rukunin D suke bi. A ƙarshen shekarar sai jarrabawar bakaloriya, wadda muke kira bak, wadda hukumar ONECS ke shiryawa.

Cin bak bai isa ya kai yaro makarantar likitanci ba. Sai ya sake zama jarrabawar tantancewa, inda masu nema suke da yawa, guraben kuwa 'yan kaɗan. Daga cikin wuraren da ake karatun akwai tsangayar kimiyyar lafiyar ɗan Adam ta Jami'ar Injamena, da ta Jami'ar Adam Barka a Abeshe, da kuma tsangayar da ke haɗe da asibitin Le Bon Samaritain a nan cikin unguwarmu. Wanda ya samu shiga yana da aƙalla shekara bakwai a gabansa kafin a kira shi likita.

Gaskiya ne a rukunin C da D makin tarihi da labarin ƙasa bai kai nauyin na darussan kimiyya ba. Amma ana zana shi a bak, kuma mun sha ganin yaron da maki kaɗan ya raba shi da nasara. Wannan dalili ne na kusa. Akwai wanda ya fi shi girma.

Abin da kogi ya koya mana

Walia tana gunduma ta tara ta birnin Injamena, a tsakanin koguna biyu. Shari yana raba mu da tsakiyar gari, Logon kuma yana raba mu da garin Kuseri na Kamaru, inda ake haurawa ta gadar Ngeli. Ƙasarmu kwari ce, shimfiɗaɗɗiya, ruwa ba ya samun gangaren da zai bi ya fice da sauri.

Kowa a cikinmu ya lura da wani abu mai kama da almara. Damina tana ɗaukewa a Injamena wajen ƙarshen Satumba, amma ambaliyar kogi ba ta zuwa sai Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da sama ta washe. Darasin labarin ƙasa ne yake warware wannan. Kogin Shari yana tasowa ne daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Logon kuma mafi yawan ruwansa daga tsaunukan Adamawa na Kamaru yake gangarowa. A can ruwan sama yana wuce milimita 1,000 a shekara, alhali namu na Injamena yana wajen milimita 500 zuwa 600. Ruwan da ya zuba a can cikin Agusta da Satumba sai ya yi makonni yana tafiya, yana malala a fadamu, kafin kogunan biyu su haɗu a nan su nufi Tafkin Chadi. Ke nan ruwan da ke shiga ɗakunanmu ba a kanmu aka yi shi ba.

Ba mu manta da shekarar 2022 ba. A ranar 19 ga Oktoba gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a larduna 18 daga cikin 23 na ƙasar. Walia na cikin wuraren da abin ya fi muni. An yi ta yawo da kwale-kwale a titunan da muke tafiya da ƙafa, iyalai da dama suka koma zaman tanti a wurare irin su Tukra, karatun yara ya tsaya ana cikin farkon zango. A 2024 kuma ambaliyar ta taɓa dukkan larduna 23, ta shafi kusan mutum miliyan biyu, mutum 576 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, ina likita ya shigo a nan? Ya shigo ne bayan ruwan ya fara janyewa.

Inda cuta take kwana

Ruwan da ya kwanta a kududdufi shi ne gidan haihuwar sauro. Macen sauron da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro tana zuba ƙwai a ruwan da ba ya gudu, kuma a irin zafinmu cikin kamar kwana goma zuwa mako biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Shi ya sa ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin riga-kafin zazzaɓi wata-wata a tsawon damina a ƙasashen Sahel, har da Chadi. An tsara wannan rabon ne bisa taswirar ruwan sama. A unguwa irin tamu, inda ruwan kogi ke zuwa bayan damina, sauro yana samun ƙarin wa'adi. Likitan da ya san haka ba zai yi sakaci da zazzaɓin yaro a watan Nuwamba ba, wai don damina ta wuce.

Haka kuma idan ambaliya ta cika masai, ƙazantar tana haɗuwa da ruwan rijiyoyi da famfunan tuƙa-tuƙa marasa zurfi. Daga nan gudawa da taifot da kwalara suke samun ƙofa. Annobar kwalara ta 2010 da 2011 ta zagaye ƙasashen Tafkin Chadi huɗu, wato Chadi da Kamaru da Najeriya da Nijar, domin ruwa da kasuwa da zirga-zirgar jama'a ba su san iyakar ƙasa ba.

Yaran da ke wanka a ruwa mai kwanciya suna kamuwa da tsargiya, su riƙa fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwar ruwa kafin ta huda fatar mutum. Kurkunu ma, wanda aka kusa kawar da shi daga doron ƙasa, ya sake bayyana a Chadi a 2010, daga baya aka gano shi da yawa a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar Shari. Masu yaƙi da shi da taswirar kogin suke aiki, ƙauye bayan ƙauye.

Idan rani ya shigo da ƙura da zafi, sai sanƙarau ya karɓa. Ƙasarmu tana cikin zirin da masana suka shata daga Senegal zuwa Habasha, inda wannan cuta take yawan ɓarkewa a lokacin bushewar iska. Sanin wannan zirin ne ya sa aka san inda za a fara kai sabuwar allurar riga-kafi. A ƙarshen 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allurar a Injamena da yankuna biyu na kusa da ita, kuma a ranin da ya biyo baya an samu raguwar cutar da kashi 94 cikin 100 idan aka kwatanta da inda ba a yi ba.

Duk waɗannan misalai abu guda suke nunawa. Ilimin halittu yana sanar da ɗalibi yadda ƙwayar cuta take da yadda take aiki a jiki. Labarin ƙasa kuma yana sanar da shi inda za ta ɓullo da watan da za ta ɓullo da mutanen da za ta fara kamawa. A birnin Landan a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin gidajen da kwalara ta yi kisa, sai ya ga sun kewaye famfo guda, daga baya ya nuna hakan a kan taswirar unguwa. Ya sa aka cire hannun famfon, tun kafin masana su amince cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa kwalara. Wanda ya yi wannan aiki likita ne da ya iya karanta taswira.

Matsayin addininmu

Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita don gudun ta. Da wannan Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi aiki lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Wannan umarni ne da ya rataya a kan wuri da tafiyar mutane.

Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato idan babu mai yin sa a gari, laifin yana kan kowa. Ya kuma koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan fikihu suka bar garuruwa ba likita Musulmi. A ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Mu dubi halin da muke ciki. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, Chadi ba ta kai likita ɗaya ga kowane mutum 10,000 ba, kuma tana cikin ƙasashen da mata suka fi mutuwa wajen haihuwa. Asibitin da ke tsakiyar unguwarmu 'yan mishan ɗin Katolika ne suka kafa shi, a ƙarƙashin jagorancin Fada Angelo Gherardi, ɗan ƙasar Italiya da ya fara irin wannan aiki a Gundi a kudancin ƙasar. Matanmu suna haihuwa a can, ana duba 'ya'yanmu a can, kuma wanda ya yi maka alheri ka gode masa. Tambayar da ta rage tamu ce: 'ya'yanmu nawa muka shirya don su ɗauke mana wannan farilla?

Abin da ya kamata mu yi

Ga 'ya'yanmu ɗalibai, ku riƙe lissafi da fizik da sinadarai da ilimin halittu da kyau, domin su ne ginshiƙin jarrabawar tantancewa. Ku gyara Faransancinku, don da shi ake karatun likitanci a nan, kuma amsa mai kyau tana lalacewa idan an rubuta ta da gurguwar jimla. Sannan ku fito da littafin labarin ƙasa daga ƙarƙashin katifa. Idan malami yana bayanin yanayi da koguna, ku haɗa shi da abin da kuke gani a ƙofar gida. Ku gwada zana taswirar layinku a takarda, ku sa alamar inda ruwa ke kwanciya, da inda masai yake kusa da famfo, ku lura da gidajen da zazzaɓi ya fi yawa. Wanda ya yi haka ya fara aikin likita tun kafin ya sa farar riga.

Ku kuma sani ba kowa ne zai samu gurbin likitanci ba, kuma wannan ba ƙarshen hanya ba ne. Asibiti ba ya tafiya sai da ma'aikatan jinya da ungozoma da masu gwajin jini da masu haɗa magani, kuma akwai makarantar ENASS a Injamena da ke horar da ma'aikatan lafiya. A ƙauyuka da dama ma'aikacin jinya shi ne kaɗai mai duba marasa lafiya.

Ga mu iyaye, mu rage wa ɗan ajin ƙarshe aike da zaman shago, mu sama masa fitila da wurin karatu. Idan ruwa ya fara tasowa, mu sa littattafai da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa cikin abin da za a fara kwashewa, a ƙulle su a leda. Mu kula da karatun 'ya'ya mata musamman. Da yawanmu muna ƙorafi idan namiji ne zai duba iyalinmu, amma likita mace ba daga sama take faɗowa ba. 'Yar wani ce da aka bari ta gama karatunta.

Ga masallatai da ƙungiyoyinmu kuma, muna da ɗaliban jami'a da malaman makaranta a cikin sahunmu. Za a iya shirya darasin bita kyauta a harabar Islamiyya ranakun hutu, a kuma tara ɗan abin da ya sawwaƙa don biya wa marayu kuɗin rajistar jarrabawa. Wannan sadaka ce mai gudana, domin ladan duk majinyacin da yaron zai duba nan gaba yana iya riskar wanda ya taimaka masa.

Muna roƙon Allah Ya buɗe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya fitar mana da likitoci masu tsoron Allah da tausayin talaka daga cikinsu. Allah Ya kiyaye Walia da sauran garuruwanmu daga ambaliya da annoba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.