Shin Ko Kun San? Jirgin Ruwan Da Ya Ƙetare Sahara A Bayan Raƙuma

Shin ko kun san ruwan saman da ke sauka a Gwaram da Birnin Kudu hanyar Tafkin Chadi yake kamawa? Ta kogunan Jama'are da Haɗeja yake gangarawa, ya faɗa Komadugu Yobe. Sai dai fadamun Haɗeja da Nguru kan shanye mafi yawansa. Kogin Shari ne ke ciyar da tafkin da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi.

Ko kun san an taɓa zaga tsibiran tafkin nan da jirgin Turawa wanda iska ke turawa, ba inji, tun 1851? A Malta aka ƙera shi. Da ayarin James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg zai tashi daga Tarabulus a 1850, sai aka raba jirgin gida huɗu, aka ɗaure wa raƙuma. Haka katakon ya bi ta Murzuk da Ghat da duwatsun Azbin, ƙasar da ruwan sha ma sai an yi tanadinsa a salka. Azbinawan da suka ga jirgin ruwa a kan tozon raƙumi, in sun ce masu kayan sun taɓu, ba mai ganin laifinsu.

Richardson bai ga tafkin ba, ajali ya riske shi a Maris 1851 kafin ya isa Kukawa, fadar Shehu Umar na Borno.

Overweg ne ya sa aka harhaɗa jirgin, aka raɗa masa suna Lord Palmerston, wato ministan harkokin wajen Ingila na lokacin. Ya ɗaga ƙyallen, iska ta cika shi, ya shafe makonni yana ratsa tsibiran Buduma, mutanen da ke kiran kansu Yedina. A Borno tsoronsu ake ji saboda harin da sukan kai gaɓa, amma baƙon ya shiga cikinsu ya fito lafiya.

Su kuwa ba su jira katakon Malta ba. Ciyawar tafki suke ɗaurewa dami-dami, su lanƙwasa goshinta sama, ta zama kwalekwale mai ɗaukar mutane da kanwa, ana tura ta da gora. A ruwa mara zurfi mai cike da ciyayi, nasu ya fi dacewa. Shanunsu na Kuri, masu kumburarrun ƙahoni, iyo suke yi daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo.

Zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, bakin tafkin, a Satumba 1852. Rubutun da ya bari da ƙyar aka karanta wani ɓangarensa, shi ya sa sunan Barth, wato Abdulkarim, ya danne nasa.

Ko kun san Overweg ne ya 'yanta wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu? Barth ya tafi da yaron Ingila a 1855, labaransa suka shiga littafin Magana Hausa na J. F. Schön. Daga baya Dorugu ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa, Kano, ya rasu a 1912.

Tafkin kansa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi, har wasu tsibiran arewacinsa suka zama tudun da ake isa da ƙafa.