Monza, filin tseren motoci inda birki ke raba gardama

'Yan uwa na Agege da Sabon Ibadan masu bin tseren Formula 1 a waya, akwai filin da nake so ku sa wa ido in Satumba ta kama: Monza, arewa da birnin Milan a Italiya. An gina shi a 1922 cikin wani tsohon lambun sarauta, kuma tun 1950 a nan ake gasar Italiya duk shekara, in ban da 1980.

Zagaye ɗaya kilomita 5.793 ne, kwana 11 kacal, yawancinsa miƙaƙƙen titi. Shi ya sa makanikai ke rage fukafukan motar don kada iska ta riƙe ta. A 2020 Lewis Hamilton ya zagaye shi da matsakaicin gudun kilomita 264 a awa. Da irin wannan gudu, daga nan Gombe zuwa Bauchi kamar minti 35 ne.

Amma ni a ganina birki ne ke raba gardama. Mota na tafe da gudun kusan 350, sai ga kwanar farko, Rettifilo, dama sannan hagu nan take, dole ta sauko ƙasa da 100 cikin 'yan daƙiƙu. Ga fukafukai an rage, taya ba ta kama ƙasa sosai. Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu zuwa kudu ya san yadda gangare ke cin birki. To a nan sau 53 direba zai iso wannan kwana. Ya taka da wuri a wuce shi, ya makara ya zarce.

Da can babu irin wannan matsattsiyar kwana. A 1961 Wolfgang von Trips ya yi hatsari dab da kwanar Parabolica, ya mutu tare da 'yan kallo 15. A 1970 Jochen Rindt ma ya rasu a wajen, lokacin gwaji, aka ba shi kambun duniya bayan ransa. Sai a 1972 aka ƙara matsattsun kwanoni don rage gudu.

Tsohon titin kankare mai gefe a ɗage kamar bakin kwarya, wanda Formula 1 ta daina hawa bayan 1961, yana nan cikin itatuwa. Ku lura bayan kwanar Lesmo ta biyu, motoci ta ƙarƙashinsa suke wucewa.