Kula Da Fata Daga Hunturu Zuwa Bazara

Jama'a, hunturu ya juya baya, bazara ta kawo kai. A ƙasarmu ta Dambatta da Bichi da Kunchi sanyi yakan yi ƙarfi a Disamba da Janairu, sa'an nan daga Maris rana ta fara zafi, har a Afrilu awon zafi ya kai 40. Ni ma'aikacin ɗakin magani ne, kowace shekara kuwa ina ganin ɓarnar da wannan sauyi yake yi wa fatar mutane, tun ba yara ƙanana ba.

Wata rana a cikin Maris wata mata ta kawo mini jaririnta ɗan wata 4. Kwana uku ba ya barci, sai kuka. Na ce ta kwance shi. Sai ga hular sanyi, ga rigar sanyi, ga tawul, jiki kuma sharkaf da basilin. Wuyansa da bayansa duk ƙananan ƙuraje. Ta ce mini, "Malam, haka nake yi masa tun haihuwa." Gaskiyarta, a Disamba abin da ta yi daidai ne. Amma a Maris shi ne cutar.

Dalilin ƙurajen zafi

Fatar mutum tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan zufa take fita ta sanyaya jiki. In an lafta mai mai kauri, aka rufe da tufa mai nauyi, ƙofofin sai su toshe. Zufa ta rasa hanya ta taru a ciki, ƙuraje su feso. Yaro ya yi ta susa, farce ya yaga fata, ƙwayoyin cuta su shiga, daga nan sai maruru ko gyambo.

Kada a bar mai gaba ɗaya

Waɗansu da sun ga sanyi ya wuce sai su ajiye mai. Wannan ma kuskure ne. Iskar Maris busasshiya ce kamar ta Janairu, zafi kawai ya ƙaru. Sai wajen ƙarshen Afrilu da Mayu iska take juyawa ta kawo laima. Saboda haka a rage man, a kuma san inda za a sa shi.

Inda ke son mai: dunduniya, ƙwauri, gwiwa, bayan hannu da leɓe. Man kaɗanya kaɗan ya isa, a shafa bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba.

Inda ba ya son mai: wuya, hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa. Waɗannan wurare a wanke su, a tsane su sarai, a bar su su sha iska.

Wanka

A hunturu mutum yakan tsallake kwana bai yi wanka ba don tsoron sanyi. Yanzu sai a koma kullum, yara ma safe da yamma in da hali. Mun san ruwa yana wuya a bazara, rijiyoyi sun yi ƙasa, amma rabin bokiti ya isa in an yi dabara. Ba a bukatar ruwan zafi kuma. Sabulu sau ɗaya a yini ya isa, kada a dirje jiki da soso har ya yi raɗaɗi.

Ku hana yara iyo a dam da kududdufi, ko Tomas ne ko Watari ko Gari. Tsutsar tsargiya ta cikin fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba.

Maigida, duba ƙafarka

Yanzu ne lokacin sharar gona da kai taki. Ƙwayar cutar nan mai sarƙe haƙora, wadda ake kira tatanus, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi, faso kuwa ƙofa ce gare ta. Da dare ka jiƙa ƙafa a ruwa, ka goge kaushin da dutse a hankali, ka shafa mai. Kada ka yanke shi da reza. Ka sa takalmi in za ka gona. Mai ciwon sukari in ya ga faso ya buɗe, ya zo mu gani, kada ya jira.

Uwargida, ga naki

1. Cire wa jariri hula da rigar sanyi da rana. Riga ɗaya ta auduga ta isa.
2. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai, a ba shi akai-akai. Akwai isasshen ruwa a cikinsa.
3. Kada ki barbaɗa hoda kusa da fuskarsa, yana shaƙa.
4. Wanke barguna da kayan sanyi, a shanya su a rana kafin a adana.
5. Ki guji man bilicin. Yana sa fata ta yi sirara, rana ta ƙona ta, rauni kuma ya ƙi warkewa.

Ba kowane ƙurji ne na zafi ba

Ƙaiƙayi mai tsanani da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsun hannu, ƙazuwa ce. Duk mutanen ɗaki za a yi wa magani tare, in ba haka ba ta dawo.

Zazzaɓi da tari da jan ido, sa'an nan ƙuraje su fara daga fuska, ƙyanda ce. Rigakafinta kyauta ne, a wata 9 da wata 15.

Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko da ƙuraje ko babu, sanƙarau ne sai an tabbatar ba shi ba ne. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe dubban mutane a Arewa. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Jaririn nan da na faɗa muku, wanka da ruwa mai sanyi-sanyi da riga mara nauyi da barin basilin, su ne duk maganin da na ba shi. Da uwar ta dawo bayan mako guda, fatarsa ta yi sumul. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan takarda. Allah ya kai mu damina lafiya.