Juyin Iskar Teku da Daminar Birnin Kano

Wanda ya hau Dutsen Dala a watan Mayu ya dubi gabas yana neman hadari, da wuya ya tuna da teku, domin tsakaninta da ganuwar Kano akwai fiye da kilomita 700. Amma kuwa laimar da ke zama ruwan damina daga can take, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko ta daga Tekun Atlantika. Farin 1973 da na 1984 sun nuna abin da ke aukuwa in ta gaza.

Iskar teku ba ƙarfi ɗaya gare ta ko'ina ba. Inda ta fi ƙarfi a gefe guda sai ta yi juyi, kamar yadda kogi ke juya kara idan wani sashen ruwan ya fi gudu. Juyin nan yakan janyo ruwa mai sanyi daga ƙasa zuwa sama, sanyin ruwan Gaɓar Gini kuwa yana da hannu a lokacin da damina ke matsowa arewa.

Da taurarin ɗan'adam ake awon iskar. Tauraro yakan aika da saƙon rada kan ruwa, amon da ya dawo daga ƙananan raƙuman ruwa shi ke nuna ƙarfin iskar da inda ta dosa. Seasat na Amurka ya gwada haka a 1978, ya lalace bayan wata uku. QuikSCAT ya yi aiki daga 1999 zuwa 2009, na'urar Turawa mai suna ASCAT kuma ta tashi a 2006.

Sai dai awonsu yakan saɓa. A lokacin da yake aiki, QuikSCAT ya kasance yana share faɗin kilomita 1,800, amma ruwan sama yakan gurɓata masa awo. ASCAT ta fi jure ruwa, amma layi biyu take aunawa, kowanne kilomita 550. Sa'o'in wucewarsu ma ba ɗaya ba ne. Sa'an nan juyi lissafa shi ake yi daga bambancin iskar wurare maƙwabta, saboda haka kuskure kaɗan yakan zama babba.

Don haka masana ke gwama awon taurarin da juna, da kuma na ma'aunan PIRATA da aka fara girkawa cikin Atlantika a 1997. In ba a yi haka ba, sai a ɗauki canjin na'ura a matsayin canjin yanayi, hasashen daminar da manomi da jami'in gona ke jira ya karkace. 'Yan Kasuwar Kurmi sun san haka tun da: ba a haɗa lissafin mudu biyu sai an gwada su.