Barbarar Shinkafar Gida da Danginta na Daji

Manomin fadama, ko a Likoro ko a kwarin Haɗejiya, in shinkafar daji ta tsiro masa a gona, ciyawa ce a wurinsa, sai cirewa. Masana kuwa da wani ido suke kallonta.

Ita Oryza longistaminata, wadda ke yaɗo ta saiwa a fadamun Afirka, tana da zaren gado, wato kuromosom, guda 24, daidai da na shinkafar gida, saboda haka barbara tana yiwuwa. Wahalar ita ce ƙwayar takan mutu tun ba ta nuna ba, sai an ciro ɗan tayin an rene shi cikin kwalba. Daga nan a yi ta maimaita barbarar da shinkafar gida, zuriya bayan zuriya, har halayen daji irin su kakkaɓewar tsaba su fita, guntun zaren da ake bukata ya saura.

Ta haka cibiyar IRRI ta ƙasar Filifin ta samo Xa21, ƙwayar gado mai kare shinkafa daga cutar ƙunar ganye, daga wani iri na ƙasar Mali. A 1995 aka tantance ta a Amurka.

A ganina, kafin noman rani ya game sauran fadamun Kudan da Makarfi, ya kamata a bi su a tattara irin dajin da ya rage, a adana a Samaru.