"Umma, Ni Ma Zan Diro Daga Jirgi": Abin Da Bidiyon Waya Ba Ya Nuna Wa 'Ya'yanmu

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ina aikin kwana a asibiti, sai ga kiran yayata. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ki duba abin da na turo miki, ki ga abin da ɗanki ya yi mini."

Na buɗe bidiyon. Ɗanta ne da ke karatu a Dubai, zaune a bakin ƙofar wani ƙaramin jirgin sama, an ɗaure shi da wani Bature a bayansa. Kafin in ƙifta ido sun faɗo. Iska na kaɗa masa kumatu, yana ta washe baki yana ɗaga wa kyamara hannu, ga tsibirin nan mai siffar bishiyar dabino can ƙasa kamar zanen lalle. Yaya kuwa kuka take. A wajenta ɗanta ya shiga sahun mutanen nan da ƙannensa ke kallo a waya, masu saka riga kamar jemage suna ratsa tsakanin duwatsu.

'Yar uwa, idan kina da yaro mai taɓa waya, to ya ga irin waɗannan bidiyoyin, ko kin sani ko ba ki sani ba. Abin da na gaya wa Yaya a daren nan shi zan gaya miki: wasanni biyu ne mabambanta, kuma tazarar haɗarin da ke tsakaninsu ta fi yadda ido ke gani. Uwar da ta haɗa su a kwando ɗaya za ta yi ta faɗa a kan ƙaramin, babban ya wuce ta ba ta lura ba.

Wanda ɗan Yaya ya yi shi ne dirowa daga jirgi da laima, irin wadda muka sani a wajen sojoji. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya sauko da laima daga balan-balan a birnin Paris. Yau ya zama abin shaƙatawa, kuma wanda bai taɓa yi ba ana haɗa shi ne da ƙwararre, a ɗaure su da ɗamara ɗaya. Ni tsallen goyo nake ce masa, sai dai a nan ɗan goyon ne a gaba. Jirgi zai kai su wajen mita 4,000 a sama. Za su yi kamar minti ɗaya suna faɗowa ba laima, da gudun da ya kai kilomita 200 a awa. Idan ya rage saura kamar mita 1,500 sai ƙwararren ya buɗe laimar, su yi minti biyar ko fiye suna lilo a hankali har su sauka.

Tambayar da kowace uwa za ta yi ita ce, to idan laimar ta ƙi buɗewa fa? Laima biyu ce a jakar. Idan ta farko ta harɗe, sai a yar da ita a buɗe ta biyu. Ta biyun nan ba kowa ke naɗe ta ba, sai mai lasisi, kuma a Amurka doka ce a warware ta a sake naɗewa duk kwana 180 ko da ba a yi amfani da ita ba. Akwai kuma wata 'yar na'ura a cikin jakar da ke auna tsayi da gudu. Idan ta ga an kusanto ƙasa ana gudu ba a buɗe komai ba, misali mutum ya suma, ita da kanta za ta saki laima ta biyu.

Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka tana fitar da lissafi duk shekara. A 2023 an yi tsalle kimanin miliyan 3.65 a ƙasar, mutum 10 suka rasu. Rai goma ba wasa ba ne, kowannensu ɗan wata ne. Amma da na karanta wa Yaya wannan adadi sai na ji numfashinta ya ɗan sauka. Abin da ya fi yawa shi ne raunin sauka: targaɗe, karayar idon sawu, bugun ƙashin baya. Shi ya sa ake ta nanata wa ɗan goyo ya ɗaga ƙafafunsa lokacin sauka, ya bar ƙwararren ya fara taɓa ƙasa.

Rigar fuka-fuki kuma wata duniya ce. Riga ce da aka ɗinka wa yadi tsakanin hannu da ƙugu, da kuma tsakanin ƙafafu biyu. Idan mutum ya faɗo, iska ta cika yadin ya yi tauri, sai ya riƙa tafiya gaba maimakon ya zubo kai tsaye. A kowace mita ɗaya da ya yi ƙasa yana iya yin kamar mita uku gaba. Ki lura, ba tashi yake yi ba, faɗowa yake yi a karkace. Rigar ba ta da inji, kuma ba a sauka da ita, dole a ƙarshe ya buɗe laima. Masu bidiyo sukan yanke wannan ɓangaren, sai yaro ya ɗauka mutumin tsuntsu ya zama.

Tarihin rigar cike yake da jana'iza. A watan Fabrairu na 1912 wani tela mai suna Franz Reichelt ya hau hawa na farko na hasumiyar Eiffel sanye da wata riga mai laima da ya ɗinka da hannunsa. Hukuma ta ba shi izini ne a kan zai gwada da mutum-mutumi, sai ya ce shi da kansa zai yi. Ya diro a gaban 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, nan take ya mutu. Patrick de Gayardon, Bafaranshen da ya fito da rigar a siffarta ta zamani, ya rasu a Hawaii a 1998 yana tsalle da ita. Shekara ɗaya bayan haka aka fara ɗinka ta don sayarwa.

Duk da haka, mai saka rigar ya diro daga jirgi yana da sararin sama a gabansa da laima biyu a bayansa. Ƙa'idar ƙungiyar Amurka ita ce kada mutum ya saka ta sai ya yi tsalle 200 da laima zalla. Inda abin ya ɓaci shi ne masu dirowa daga kan dutse, ko gada, ko dogon gini, ko eriya. Su laima ɗaya suke ɗauka, don ko ta biyun na nan babu lokacin buɗe ta. Likitoci a Norwe sun bi diddigin tsallen da aka yi daga dutsen Kjerag tsakanin 1995 da 2005: tsalle 20,850, mutum 9 suka mutu. Wato kusan mutum ɗaya a duk tsalle 2,300. Ki ajiye wannan kusa da lissafin Amurka na sama, ki ga ya ninka shi fiye da sau ɗari. Kuma wannan lissafin na masu dirowa daga dutse ne gaba ɗaya, ba a ware masu rigar da ke bin jikin dutse da gangan, suna wuce bishiyoyi kamar za su shafa su ba.

Waɗannan na ƙarshe su ne taurarin wayar 'ya'yanmu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba 'yan koyo ne kaɗai ke mutuwa ba. Mark Sutton, wanda ya diro daga jirgi mai saukar ungulu a shigar James Bond ranar buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya daki dutse a Siwizalan a 2013. Dean Potter, gwani a hawan duwatsu, ya rasu tare da abokinsa a gandun Yosemite na Amurka a 2015. Uli Emanuele, ɗan Italiya, ya yi suna ne da bidiyon da ya ratsa ta wata kafa a jikin dutse wadda faɗinta bai fi mita biyu da 'yan kai ba. Miliyoyi sun kalla. A watan Agusta na 2016 ya mutu a kwarin Lauterbrunnen na Siwizalan. Bidiyon nasa na nan yana yawo har gobe, yaro zai kalla ya yi tafi, babu wanda ya rubuta masa a ƙasa cewa mai shi ya daɗe a kabari.

Za ki iya cewa, ina ruwanmu, mu da ko kuɗin jirgin Abuja sai an yi shawara? Haka ni ma na ɗauka, sai da aka kawo mana wani yaro ɗan shekara tara. Ya hau rufin ɗakin ajiya da laimar ruwan mahaifinsa, ƙannensa na ƙasa suna ƙirga masa ɗaya, biyu, uku. Laimar ta juye, ya sauka a kan diddige. Ƙafa ɗaya ta karye, ya yi makonni a kwance. Da ya saba da ni na tambaye shi, "Kai kuwa me ya kai ka?" Ya ce, "Anti, a bidiyon ai ba sa jin ciwo."

Ban yi masa faɗa ba, uwarsa ta riga ta yi wanda ya isa. Na ce masa laimar da ya gani a bidiyo faɗinta ya fi murabba'in mita 30, ta fi falon gidansu girma, kuma tana buƙatar doguwar faɗowa kafin ta cika da iska. Laimar ruwa, ko zani, ko buhu, babu abin da za su riƙe. Ya yi shiru yana lissafi. Na lura yara sun fi jin irin wannan bayanin a kan "kada in sake ganinka". Wanda aka ce wa kada, jira yake ki tafi unguwa.

Tunda mun zo nan, bari in saka rigata ta aiki. Idan yaro ya faɗo daga sama, Allah ya kiyaye, kada ki sungume shi a kafaɗa ki ruga, ko da zuciyarki ta ce ki yi. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa, a bar shi a miƙe, wani ya riƙe kansa kada ya juya, a ɗora shi a kan abu mai tauri kamar katako ko ƙyauren ƙofa a kai shi asibiti. Kada a ba shi ruwa ko abinci, don wataƙila a shiga da shi tiyata. Ko ya tashi yana wasa, ki sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, yawan barci, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, ko ciwon ciki da kumburi, duk alamun a koma asibiti ne da gaggawa. Kuma a ɗauki hoton ƙashi kafin a yi maganar mai ɗori. Na ga ƙafar da aka ɗaure tamau har jini ya daina zuwa, ba na so in sake gani.

Babban yaro kuma, wanda ya kai shekara 18 yana wata ƙasa, gaskiya mai ɗaci ita ce ba ya buƙatar sa hannunki. Idan kin ci sa'a ya faɗa miki kafin ya yi, kada ki ɓata damar da ihu. Ki tambaye shi wurin na da rajista da hukumar jiragen saman ƙasar? Ya faɗa musu gaskiyar lafiyarsa a takardar da ake cikewa? Ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, asma mai tsanani, juna biyu, kafaɗar da ta taɓa gocewa, duk dalilai ne na a tsaya a ga likita tukuna. Ko mura ce a ɗage, don saukowa da sauri na iya yi wa kunne illa. Wuraren kuma suna da iyakar nauyin jiki, kada ya yi musu wayo.

Akwai guda ɗaya da ya shafe mu fiye da yawancin masu zuwa wuraren nan: sikila. Waɗannan ƙananan jiragen ba a daidaita iskar cikinsu kamar jirgin fasinja, kuma a mita 4,000 iskar shaƙa ta ragu sosai, ga sanyi. Ƙarancin iska da sanyi su ne ke tayar da ciwon. Mai SS kada ma ya soma. Mai AS, wanda yawanci lafiyarsa ƙalau, shi ma an san tsayi mai yawa na iya taɓa masa saifa, don haka ya ga likita kafin ya biya kuɗi. Yaranmu da yawa sai an zo maganar aure suke sanin rukunin jininsu.

Ga masu ɗokin jin yadda abin yake, akwai ɗakunan da ake hura iska mai ƙarfi daga ƙasa, mutum ya yi ta shawagi a cikin gilashi da malami a gefensa. Akwai su a Dubai da Abu Dhabi, har ƙananan yara ana bari.

Da gari ya waye na kira ɗan Yaya da kaina. Ya ɗauka yana dariya, "Anti, Umma ta kawo ƙarata ko?" Na ce ta kawo, kuma tana da gaskiya, don uwa ba ta cancanci ta ga irin wannan a WhatsApp tare da 'yan unguwa ba. Ya yi shiru, ya ce zai ba ta haƙuri. Sai kuma ya ce yana tara kuɗi ya yi kwas ɗin da ake ba da lasisin farko bayan tsalle 25. Na tambaye shi rigar fuka-fuki fa? Ya ce yana dai kallo. Na tura masa sunayen nan uku, na ce ya nemo ranar rasuwar kowannensu ya turo mini. Rukunin jininsa kuwa bai sani ba, Yaya ma ta ce ta manta inda ta ajiye takardar. Ya yi alkawarin zuwa gwaji ranar Litinin, kuma na ce sai na ga sakamakon da idona.