Gona Ce Ke Zaɓar Tarakta: Abin Da Mai Ƙaramar Gona Zai Auna Kafin Ya Saya

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da filaye masu faɗi ana nomawa a cikin ganuwa, musamman ta arewa da yamma, inda Goron Dutse yake. Yau gidaje sun cinye waɗannan filaye. Mutumin Goron Dutse mai sha'awar noma sai ya fita ta Ƙofar Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, ko ya nufi Bagwai, Kura ko Bunkure. Da yawan irin waɗannan manoma ma'aikata ne ko 'yan kasuwa ko 'yan fansho, kuma gonar ba ta wuce hekta biyu zuwa biyar ba, wata gado, wata saye. Kuɗin 'yan ƙwadago ya hau, riƙe shanun huɗa kuma sai wanda ke zaune a ƙauye. Shi ya sa maganar sayen tarakta ta fara shigowa hirar majalisa, kuma tambayar da aka fi yi ita ce: mai doki nawa zan saya?

Wannan tambaya ta yi gaggawa. Akwai waɗanda ya kamata su riga ta.

Rukuni uku

Ana auna ƙarfin injin tarakta da ƙarfin doki. A kasuwarmu za a iya kasa su uku. Akwai mai taya biyu wadda ake riƙewa da hannu ana bin ta a baya, mai ƙarfin doki 8 zuwa 15. Akwai ƙarama mai taya huɗu da ake hawa, mai doki 20 zuwa 40. Sai babbar tantan da kowa ya sani, irin Massey Ferguson 375 mai doki 75, wadda gwamnatoci suka saba sayowa. Da yake ita ido ya saba gani, mutane da yawa na ɗaukar duk abin da bai kai ta ba a matsayin abin wasa. Lissafi bai yarda da haka ba.

Lissafin awa

Ga hanya mai sauƙi. Ninka faɗin abin da tarakta ke ja, a mita, da gudunta, a kilomita cikin awa, ka raba da goma. Abin da ya fito shi ne hektar da za ta yi a awa ɗaya. Daga nan ka cire kashi ɗaya cikin uku saboda juyi a bakin gona da tsayawa.

Babbar tarakta mai jan haro na mita 2 a gudun kilomita 6 za ta yi kusan kashi takwas cikin goma na hekta a awa. Mai doki 30 da ke jan mita 1.2 a gudun kilomita 5 za ta yi kusan rabin haka. Mai taya biyu, da faɗin santimita 60 da tafiyar ɗan Adam, tana buƙatar kusan awa goma kafin ta gama hekta. Ke nan gonar hekta uku babbar za ta gama ta kafin azahar, matsakaiciyar ta yi wuni guda, ƙaramar kuma ta ɗauki kwana uku zuwa huɗu.

To, wanda ya sayi babbar don hekta uku, ko da ya yi haro ya yi huɗa damina da rani, da ƙyar za ta yi aikin awa 30 a shekara. Sauran kwanakin tana ajiye, batir na mutuwa, taya na tsagewa a rana, kuɗin da aka zuba kuma suna kwance. Tarakta ba ta mayar da kuɗinta sai tana aikin ɗaruruwan awanni a shekara. Ga kuma mai: a aiki mai nauyi babbar kan sha lita goma ko kusa da haka na dizal a awa, ƙaramar kuwa lita ɗaya zuwa biyu.

Jigawa ko fadama

Bayan girman gona sai irin ƙasarta. Jigawa mai rairayi, inda ake gero da gyaɗa da wake, ba ta da wuyar juyawa, ƙaramin inji ya ishe ta. Fadama mai laka kuwa fuska biyu gare ta: in ta bushe ta yi tauri, sai inji mai nauyi ke iya fasa ta, in ta jiƙe kuma nauyin nan ne zai kafe shi.

Wanda ya je Kadawa, cikin shirin noman rani da ke shan ruwa daga madatsar Tiga tun shekarun 1970, zai ga yadda aka yanka gonakin shinkafa fangali-fangali. Babbar tarakta in ta shiga irin wannan wuri, juyi ya fi aiki yawa. Tana taka gefen fangali ta rushe, ta toshe ƙaramar hanyar ruwa, ta bar kusurwa huɗu ba ta taɓa ba, sai an sa fartanya. Mai taya biyu kuwa, in an cire mata tayar roba aka ɗaura ta ƙarfe mai haƙora, tana shiga cikin taɓon ta dama shi ya yi laushi. Akwai kuma illar da ba a gani a sama: yawan takawar inji mai nauyi a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta daga ƙasa, ruwa ya kasa sauka, saiwa ta kasa ratsawa.

Ƙasar Bangladesh, wadda gonakinta ƙanana ne kamar namu, ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injuna daga Sin bayan ambaliyar 1988. Daga baya masu taya biyu suka zama su ke juya mafi yawan gonakin ƙasar, kuma akasarin manoman ba mallaka suke yi ba, haya suke ɗauka wurin maƙwabci.

Kayan aiki da kayan gyara

Tarakta ita kaɗai ba ta noma. Garma, haro, mashuki, tirela, kowanne da kuɗinsa, kuma dole nauyinsa ya dace da ƙarfin injin da maƙalar baya. Mai sayen taya huɗu ya duba ko tana da sandar nan mai juyawa a baya, wadda aka saba yi mata juyi 540 a minti, domin da ita ake tuƙa injin sussuka ko famfon ban ruwa. Wannan ne ke ba tarakta aiki bayan an gama huɗa.

Sannan kafin a biya kuɗi, a rubuta sunan injin da lambarsa a zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa a tambayi filta da bel da kan allurar mai. In masu kaya sun fara kallon juna, a haƙura da ita komai arharta. Mun ga yadda aka ƙare da taraktocin da aka harhaɗa a masana'antar Steyr ta Bauchi da sauran waɗanda aka shigo da su: da yawa rashin ƙaramin ƙarfe ne ya zaunar da su. A tambayi kuma waye makaniken da zai biyo ta gona, don injin da ya tsaya a watan Yuni ba ya jiran Agusta.

Haya ko mallaka

Ga mai hekta ɗaya ko biyu a jigawa, haya ta fi sauƙi. Matsalarta ɗaya ce: daminar Kano gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kowa na neman tarakta a mako biyu ko uku na farkon ruwa. Direba kuwa babbar gona yake fara zuwa. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 kuma ya fara aiki a Najeriya, kan wannan giɓi ya gina sana'arsa: wakili ya tara ƙananan manoman yanki ɗaya, tarakta ta zo sau ɗaya ta yi musu duka. Maƙwabtan gona biyar ko goma na iya yin haka da kansu ba tare da kamfani ba.

Saboda haka ma'aunin a bayyane yake. Ƙasa da hekta biyu a tudu, a yi haya cikin ƙungiya. Shinkafa ko lambu a fadama, har zuwa hekta huɗu ko biyar, mai taya biyu ta wadatar. Daga hekta goma zuwa sama, ko gonaki a warwatse da ke buƙatar tirela, sai a fara duba mai doki 30 zuwa 40. Babbar tantan kuwa ta wanda ya shirya yin sana'ar haya ce, da direba amintacce da littafin lissafi. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda bai san faɗin gonarsa da awo ba, ya fara biyan mai awo, ko ya nemi malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, KNARDA, a ƙaramar hukumarsa, kafin ya taka wurin dillali.